Kamu Uku a Cikin Ruwa

Misfala, Makka, 9 ga Rajab 1371

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga ubangidanka Wada ɗan Garba zuwa ga taubashinsa Yunus mai ƙarnin kifi, a Bur Sudan. Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Gwaggo Ruƙayyatu? Ka gaishe ta, ka ce mata ɗan wanta ya ƙara kyau, nata ɗan kuwa sai haƙuri. Inna lafiya lau, sai ɗan tari. Zafi ya fara sauka. Duwatsun garin nan sun kewaye mu kamar tukunya, mu ne waken.

Bayan haka ga magana. Alhaji Abdulganiyyu, mai gidan da muke ciki, ƙirji ya matsa masa, likita ya ce iskar teku ce maganinsa. Yana da rumfa a wani lungun ruwa kudu da Jidda, to yanzu ya ƙwallafa rai sai ya sayi lanci, jirgin nan mai inji da masu hali suke fita shan iska da shi. Wani mai Umra ya gaya masa Baturen nan Bagirke da kake gyara wa inji zai koma ƙasarsu, yana sayar da guda biyu, ƙarami da babba. Alhaji ya ce a tambaye ka wanne ya dace, tunda ka san cikinsu, kuma ka yi shekara biyu kana bin gaɓar nan a jirgin katako. Ka rubuto da Hausa ni zan karanta masa. Idonsa ya tafi, 'ya'yansa kuwa Larabawa ne a baki, in ka miƙa musu ajami sai su yi ta juya shi kamar an ba biri madubi.

To ga tawa, ka buɗe kunne. In ƙarami ne, mutum ɗaya ya isa, kuma Alhaji ya riga ya sami wani tsohon Bayamane matuƙi. In babba ne, sai an ƙara mutum na biyu da zai zauna a ciki. Da bakinsa Alhaji ya ce, “Ai sai Wada, da ba shi da aikin fari bare na baƙi in an gama Hajji.”

Yunus, shekarata ashirin da biyu. Ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne ambaliyar da ta cika Misfala ina yaro. Daga tagata dutse nake gani, in na leƙa da kyau sai in ga wani dutsen. Ka san Baba amana ya ba da ni ga Alhaji kafin ya rasu, Inna kuma a ɗakin ƙasa na gidansa take, ta ce in na taka hanyar Jidda ba da aikensa ba, ba ta yafe mini nononta ba. Kullum ina karanta wasiƙun mutanen da suka ratso ƙasa bakwai, ni ban taɓa wuce Arfa ba.

Saboda haka ka ce babba. Umarni ne daga ɗan namiji zuwa ga ɗan mace.

Naka,
Wada

Bur Sudan, 14 ga Sha'aban 1371

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Wada, ubangidan da ba shi da ko akuya. Mun ga takardarka, mun gode Allah da lafiyarku. Ƙafar Gwaggonka da sauƙi, ta ce kyan da ka ƙara ka ajiye shi, in ta zo ta duba da idonta. A gaida Inna Ummulkhairi, a ba ta zuma da ruwan ɗumi.

Kafin in karanta ko layi ɗaya, sai da na duba saman takardar. Na san alamarka. Ranar da ka aiko mini da kwandon dabino, rabinsa tsakuwa, babu sunan Allah a kan takardar. Ranar da ka rubuto wai Alhaji yana kirana ya ba ni 'yarsa, har na yi aski, nan ma babu. Shaƙiyi ne kai, amma allon Malam bai bar ka ka ɗora Sunan a kan ƙarya ba. Wannan karon na gan shi, shi ya sa na bar aikina na shiga ruwa na auna jiragen biyu da igiya.

Babban yana da kyau, ba na ɓoye maka. Tsawonsa kamu talatin, da ɗaki, da rumfa, da wurin dafa shayi. Amma cikinsa yana nutsewa kamu uku a ruwa. Lungun Alhaji na san shi, duwatsu ne a bakinsa a ƙarƙashin ruwa, masu kaifi kamar aska, ƙofar da suka bari zurfinta kamu biyu ne. Babban ba zai shiga ba. A waje zai tsaya inda igiyar ruwa take dukan komai, kuma sai da tsani ake hawansa. Tsoho mai ciwon ƙirji ina shi ina tsani? Ƙaramin kamu goma sha biyu ne, kamu ɗaya yake nutsewa, zai zo har gindin rumfa Alhaji ya taka ya shiga kamar tabarma.

Abin da na rubuta wa Alhaji ke nan a takardar da ke cikin wannan. Ƙarami. Na ji kukanka, ɗan Kawu, wallahi na ji. Amma ni ba ni da gona ba ni da kanti, abin da nake ci da shi a bakin ruwan nan shi ne in na ce abu kaza ne, a tarar kaza ne. Ka yi haƙuri, teku ba ta gudu.

Ɗan'uwanka,
Yunus

Misfala, 6 ga Ramadan 1371

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Yunus, babban malamin igiya. Gaisuwa, da barka da shan ruwa. Muna lafiya, in ban da azumin bana da ya zo da wuta a hannu. Tarin Inna ya lafa. A gaida Gwaggo.

Takardarka ta iso ta hannun wani mai sayar da turare. Bayan la'asar na zauna gaban Alhaji na karanta, shi kuma ya lumshe ido yana jan carbi. Muryata ta yi daɗi ranar, ko ni na ji. Da na kai ƙarshe ya ce, “Ɗayyib, madalla, babba.” Ga tasa takardar nan da hatiminsa, ya ce ka yi magana da wakilinsa na nan, a ɗora jirgin a kan babban jirgin kaya kafin cunkoson mahajjata.

Kada ka tambaye ni yadda aka yi. Manya suna da nasu lissafin, mu namu karatu.

Ni dai na fara shiri. Na samo igiyar guga ina koyon ƙulli, jiya na ɗaure ƙofar ɗakin baƙi da wani irin ƙulli da har yanzu ba a kwance ba, ta taga suke fita. An ce jirgi yana rawa, to ina hawa kan gangar ruwa a kwance ina koyon tsayuwa. Na faɗi sau huɗu, na biyar a kan kuku. Inna ta ce tunda aiken Alhaji ne ta yarda, har ta fara ɗinka mini taguwa mai kauri, wai an ce mata teku da sanyi.

Ka gaya mini gaskiya, da gaske ne in mutum ya tsaya a bakinta ba ya ganin ɗaya gefen? Babu dutse ko ɗaya?

Naka,
Wada, matuƙi in sha Allahu

Misfala, 19 ga Ramadan

Yunus, gaisuwa. Kowa lafiya. Ba ni da lokaci, mai ɗaukar wannan yana ɗaure kayansa. Kada ka dubi ƙazantar takardar, ƙunshin taba ce na tsinta a ƙasa a bakin kanti, don takardun gidan nan a akwatin babban ɗan Alhaji suke, sai ya tambayi dalili yake ba da ɗaya.

Kada ka ɗora babban. Na yi ɓarna. Ranar da na karanta wa Alhaji takardarka, idona yana kan ƙarami bakina yana cewa babba. Duk yabon da ka yi wa ƙaramin na kwashe na ɗora wa babban, maganar duwatsu da tsani kuwa na haɗiye. Na ɗauka tsoronka ne kawai, na ce kamu ɗaya mene ne, ai ana matsawa.

Shekaranjiya tsohon Bayamanen ya zo gaida Alhaji. Ya tambayi nawa jirgin yake nutsewa, na ce uku. Ya dubi Alhaji, ya dubi ƙasa, can ya ce, “Ya ammi, wato baffa, wannan ko aljani ne ya tuƙa shi ba zai shiga lungunka ba.” Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, “Khalas, magana ta ƙare. Yunus ya san ruwan nan, tunda ya ce babba, babba ne. Yaron ba ya ƙarya.” Da sunanka ya rufe bakin mutumin, ina zaune.

Ba zan iya gaya masa ba. In ya kore ni, ina Inna za ta sa kanta, shekara talatin tana ɗakin nan? Kai za ka gyara. Ka aiko da ƙaramin, ka ce babban an riga an sayar, ko ka ce injinsa ya mutu. Na haƙura da teku. Wannan ba wasa ba ne, ɗan Gwaggo, ba wasa ba ne.

Wada

Bur Sudan, 25 ga Shawwal 1371

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Wada, sarkin shaƙiyan Misfala. Barka da Salla. Muna lafiya, Gwaggonka har ta taka zuwa Idi. A gaida Inna.

Takardunku uku sun zo mini rana ɗaya, don mai turaren ya tsaya jinya a Sawakin. Na shimfiɗa su a kan benci. Ta Alhaji, ga Suna ga hatimi. Taka ta farko, ga Suna. Ta ukun kuwa, mai warin taba, na juya ta gaba na juya ta baya, ko harafi ɗaya na Sunan babu. Kai, na yi dariya har masu dako suka taru! Ka ƙware, wallahi. Saura kaɗan ka kama ni. So kake in aika wa dattijo abin da bai ce ba, in ya fusata ka kwanta a soro kana shura ƙafa. Har da “ba wasa ba ne” sau biyu, kamar yadda ka rubuta a takardar aurena da 'yarsa.

Gaskiya da farko zaɓin Alhaji ya ɗaure mini kai. Amma na ce mai abu ya ji shawara ya ƙi, wataƙila ya canja wurin rumfa, ko zai ajiye shi a babbar tashar Jidda. Ni na faɗi tawa, na fita. Na wanke injin, na sake fenti a bakinsa, ranar Litinin aka ɗaga shi da sarƙa aka ɗora a jirgin kaya. Kafin wannan ta iso ka yana Jidda.

To matuƙi, burinka ya cika. E, da gaske ne, ba a ganin ɗaya gefen. In cikinka ya fara juyawa ka tsotsi lemun tsami ka kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa.

Ɗan'uwanka,
Yunus

Misfala, 11 ga Muharram 1372

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Yunus. Gaisuwa. Mun gama Hajji lafiya, baƙi sun watse, sai wari da tabarmi. Inna tana nan. Alhaji ne babu daɗi. A gaida Gwaggo.

Ka nemi Sunan a kan takardar taba. Yunus, takarda ce da na tsinta a ƙasa, an tattaka ta, ka taɓa ganin wanda ya yi allo ya rubuta sunan Allah a kan irin wannan? Ko rantsuwa ban iya yi maka a kanta ba. Gaskiya ɗaya da na taɓa aiko maka ina kuka, ita ce ta zo ba riga.

Ga abin da ya faru. Da aka gama sallamar mahajjata, Alhaji ya tafi Jidda da babban ɗansa, ya bar ni wankin ɗakuna. Kwana uku suka dawo. Direba ne ya ba ni labari. Jirgin yana can waje yana rawa a kan igiya, Bayamanen ya rantse ba zai kusanci duwatsun ba. Aka sa Alhaji a ɗan kwalekwale aka kai shi gindinsa. Ya kama tsani, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ruwa ya janye jirgin ya dawo da shi. Sau uku. Aka mai da shi gaɓa jiƙe har ƙugu, yana tari, masunta suna kallo.

Washegari da hantsi ya ce, “Wada, ɗauko tawada.” Na ɗauko, na rubuta Bismilla, na jira. Ya ce, “Zuwa ga shugaban Hausawan Bur Sudan. Ka sanar da jama'a cewa Yunus ɗan Ruƙayyatu macuci ne, ya haɗa baki da Bagirke, kada wanda ya ƙara ba shi amanar ko ƙusa.” Ya numfasa ya ce, “In ka gama ka ɗaure kayanka. Gobe ka bi motar Jidda, ka je ka zauna a cikin bala'in nan kafin a san yadda za a yi da shi.”

Ka ji? Gobe. Taguwar Inna tana ninke a kan tabarmata. Har shaiɗan ya raɗa mini, ai Alhaji ba ya gani, rubuta gaisuwa da addu'a ya buga hatimi, kowa ya tsira. Na tsoma alƙalami. Sai idona ya hau saman takardar, ga Sunan, tawadar ma ba ta bushe ba.

Na ce, “Alhaji, ina zuwa.” Na ɗauko takardarka ta Sha'aban daga cikin gafakata, na shiga makwabta na kamo hannun Malam Sabo, tsohon da yake koyar da yara, shi kaɗai ne a layinmu yake karanta ajami in ba ni ba. Na ce ya karanta wa Alhaji. Ka san karatunsa, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Kowane “ƙarami” da ya fito daga bakinsa sai na ji kamar an ɗora mini jifa a ka. Da ya zo kan “tsoho mai ciwon ƙirji ba zai iya tsani ba”, carbin Alhaji ya tsaya.

Can ya ce, “Ya walad, kai yaro, don me?”

Na ce, “Ina son in ga teku.”

Ya ce, “Ni tafin hannuna nake son gani, ban samu ba. Sai na ari idonka, ashe kura na ba ajiyar nama.”

Inna tana bakin ƙofa, ban san lokacin da ta zo ba. Ta durƙusa za ta yi magana, ya ce, “Tashi, Ummulkhairi, ɗakinki naki ne. Da Garba na yi alkawari, ba da wannan ba.” Ni kuwa ga hukuncina. Ba kora, ba duka, da ma dukan ne. An dawo da tabarmata ƙofar ɗakinsa. Kowace takarda zan karanta, Malam Sabo ya maimaita, in harafi ya saɓa a kira Inna. Jirgin an ba wani ɗan'uwan Bayamanen gadi. Na ce har yaushe? Ya ce, “Har in ga tafin hannuna.”

Ya yaga waccan takardar ta shugaban Hausawa. Ya ce in ba ka haƙuri, in kuma tambaye ka ko ƙaramin yana nan. Malam Sabo ya duba wannan layin, ga dangwalen yatsansa a gefe.

Inna ta warware taguwar ta yi matashi da ita. Ba ta ce mini komai ba, kwana tara ke nan.

Wada

Bur Sudan, 20 ga Safar 1372

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Wada. Muna lafiya, Allah ya ba Alhaji sauƙi, a gaida Inna. Ka gaya masa babu komai tsakaninmu. Ƙaramin kuwa an sayar tun Zulƙida, wani mai otal ya ɗauka. Ina cigiyar wani.

Na ɗauko takardar tabar na sake dubawa. Layukan duk sun karkace, alƙalamin ya huda ta wuri biyu. Na tsaya neman abin da babu a sama, ban dubi abin da yake gabana ba. Rabin laifin kamu ɗayan nan a wuyana yake.

Gwaggonka ta ce a gaya maka kai ɗan banza ne, kuma jinin wanta ne. Ga kwalba nan na ba mai kawo wannan, na toshe bakinta da kakin zuma. Daga ƙarshen gadar tasha na ɗebo, inda ba a ganin ɗaya gefen.

Ɗan'uwanka,
Yunus

Misfala, 8 ga Rabi'ul Awwal 1372

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga Yunus mai ƙarnin kifi. Gaisuwa. Alhaji ya fara cin abinci. Inna ta yi mini magana ranar Juma'a, ta ce in matsa na tare mata haske. Na gode Allah. A gaida Gwaggo.

Kwalba ta iso. Mutumin da ya kawo ta ya ce shekara goma sha biyar yana wannan hanya, kowa daga Makka yake fita da ruwa, bai taɓa ganin wanda aka aiko wa ruwa Makka ba sai ni. Alhaji ya ji muna magana ya ce a miƙo. Ya shinshina, ya daɗe yana riƙe da ita a hanci, ya ce, “Maganin da likita ya rubuta mini ke nan, ga shi an kawo a kwalba.” Ya miƙo mini. Bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa.

Na ɗanɗana. Gishiri ne da ɗaci. Na ajiye ta a taga, in na sa ido a jikinta dutsen yana rawa kaɗan.

Sai dai wani abu yana cina. Ka rubuta cewa daga ƙarshen gada ka ɗebo, amma ba ka ce gadar kan teku take ba, kuma ni na san yadda ake faɗin gaskiya a ƙarƙashin Suna a bar rami a tsakiya. Ka rama dabinon nan ne? Ruwan rijiyar Gwaggo ne ka zuba wa gishiri?

Ka gaya mini, don Allah. Ni ba ni da yadda zan gane.

Naka,
Wada